Wa Zai Ciyar da Sauron Auta

Tun ranar da saƙon nan ya shigo wayarta, Auta ba ta ƙara zama a kujera ta cika ta ba. Sai dai ta ɗosana a gefe, ƙafa ɗaya na kaɗawa, kafin ka ƙifta ido ta miƙe. Ta haɗa shayi ta manta da shi har ya huce. Ta yi ta cigiyar mukullin da ke riƙe a hannunta.

Saƙon kuwa na alheri ne. Wata ƙungiya ce a ƙasar waje da ke zaɓar matan da ba su daɗe da shiga aikin binciken kimiyya ba, daga ƙasashe masu tasowa, ta ba su lambar yabo. Bana da Auta a cikin waɗanda aka zaɓa. Sharaɗin dai shi ne ta je da ƙafarta ta karɓa, ta yi bayanin aikinta a gaban jama'a, sannan ta zauna wasu makonni a wani babban ɗakin bincike mai na'urar da ta daɗe tana gani a hoto kawai. Wadda ba ta je ba, sai a miƙa lambar ga wadda ke bi mata.

To me ya hana ta murna? Sauro.

Ku dakata da dariyar. Auta kiwon sauro take yi, kamar yadda wata ke kiwon kaji. A can ƙarshen barandar ma'aikatarsu akwai wani ɗaki mai ƙofa biyu, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. Ciki da ɗumi da laima, kana shiga zufa ta karyo maka. Ga farantan ruwa a jere, 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. Ga keji biyu na raga, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen tawul, an aza musu auduga mai ruwan sukari. Waɗannan ba sauron kowa da kowa ba ne. Irin waɗanda ke sauka a kan gidan sauro mai magani ne, su huta, su tashi garau kamar an ba su kujera. Auta ta kamo kakanninsu a wata fadama shekarun baya, tana ta kiwon zuriyar, tana neman abin da ke jikinsu da ya sa magani ba ya cin su. Kan wannan aikin aka ba ta lambar.

Matsalar ita ce, macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗumama jinin dabba a ciki a ba su, sauran sauron ma'aikatar duk suna sha. Na Auta kuwa 'yan gata ne, sun ƙi. Sai fatar mutum mai rai. Don haka sau biyu a mako takan naɗe hannun riga, ta zura hannunta a keji, ta zauna har su ƙoshi. A ɗakin aka haife su, ba su ɗauke da wata cuta, sai dai ƙaiƙayi. Ƙwan nasu kuma ba ya ajiyuwa, yana bushewa ya mutu. Zuriya ɗaya ta rasa jini, shi ke nan, an rufe gidan.

Da wannan ta shiga ofishin shugaban sashensu, wanda kowa ke kira Farfesa. Ta same shi yana duba allon taya murna da ya sa aka buga da hotonta.

"Dakta, zauna mana. Kin ga sun ƙara miki haske?"

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Farfesa, wa zai ciyar da su in na tafi?"

"Sauro ne fa. In sun mutu ki koma fadamar ki kamo wasu."

"An cike fadamar. Gidaje ne a wurin yanzu, har da gidan mai."

Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "To Dogo fa?"

Dogo shi ne abokin aikinta, mutum ne mai tsawo da raha, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Ranka ya daɗe, ka manta bara? Sau ɗaya na gwada, hannuna ya koma taɓarya. Sai da aka kwantar da ni. Matata ta ce in na sake, in kwashe kayana in koma kejin."

Ɗayar abokiyar aikinsu na da juna biyu, ba a ma kawo zancenta ba. Auta ta dubi Farfesa, Farfesa ya dubi silin.

"Ni jinina ya zama kantin magani," in ji shi. "Ƙwayar safe daban, ta yamma daban. Suna sha za su zube, ki ce ni na kashe miki."

Ta fita tana tafiya kamar ana bin ta. Ta tambayi ɗalibai, wannan ya ce jarrabawa, wancan ya ce uwarsa ta hana. Tela ya kira kan ɗinkin da za ta sa ranar karɓar lambar, ta ce ya ɗinka yadda ya ga dama. Abu ya zama gaba kura, baya sayaki: in ta tafi, aikin shekaru ya mutu a bayanta, in ta zauna, ƙofar da ta buɗe ta rufe.

Da yamma ta biya gidan Umma.

Umma, mahaifiyarta, saƙa take yi, rigunan sanyi na jarirai da 'yan huluna, hannunta ba ya zama haka nan. Kuma duk unguwar babu mai gaba da sauro kamarta. Kowane gado da ragarsa, kowace taga da wayarta, ba ta barin ko murfin kwalba da ruwa a tsakar gida. Tana cikin magana da kai sai ka ji tas, ta kashe ɗaya a iska, ba ta ko yanke zancen ba. Akwai dalili. Yaron da Auta ke bi, zazzaɓi ne ya ɗauke shi yana koyon tafiya. Ba a zancen a gidan, amma kowa ya sani.

Auta ta shiga ta gaishe ta a tsaye, ta buɗe firji ta rufe, ta leƙa taga.

"Ke, ƙaya ce a kujerun gidan nan?" in ji Umma, idonta na kan saƙa.

"A'a, Umma."

"To zauna, kina sa ni jiri. An fasa ba ki abin ne?"

Auta ta ɗosana ta zayyana mata komai. Umma ta saurara, allurar saƙa na ta kai da komo.

"Ikon Allah," ta ce. "Na kai ki makaranta don ki gama min da su, kin koma kina shayar da su. Dubi hannun budurwa, kamar mai ƙyanda."

"Umma, waɗannan su ne magani ba ya kashewa. In ban raya su ba, ba zan gano abin da zai kashe su ba. Ragar da kike rataya wa jikokinki, a kanta suke sauka su tashi."

Allurar ta tsaya.

"A kan ragar?"

"A kanta."

Umma ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da jikokin ke kwana in sun zo. Sannan ta ci gaba da saƙa, ta ce, "Jinin tsohuwa yana yi musu?"

"Umma, ba wannan ya kawo ni ba."

"Na tambaye ki abin da ya kawo ki? Ƙwaya ba na sha, ciki ba ni da shi, miji ya riga mu gidan gaskiya balle ya hana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe ki zo ki kai ni in ga surukan nawa."

Aka kai ta asibiti aka auna jini, lafiya lau. Likita ya yi mata bayani ta amince. Ranar farko ta shiga ɗakin sauron da ado kamar mai zuwa biki, tana kallon farantan ruwan nan da ƙyama.

"Wannan ruwan duk da gangan kuka ajiye?"

"Da gangan, Mama," in ji Dogo. "Har abinci muke barbaɗa musu."

"Allah ya shirye ku."

Kejin yana da wata ƙofa ta yadi, doguwa kamar hannun riga, ta nan ake zura hannu. Umma ta zura na dama, ta kau da kai. Aka jira. Sauron suka kwashe gaba ɗaya suka manne a can bangon keji, ko ɗaya bai matso ba. Auta ta zagaya ta dama, ta zagaya ta hagu, ta rage haske, ta hura musu numfashi. Shiru. Sai ta sunkuya ta shinshina kafaɗar uwarta.

"Umma, me kika shafa?"

"Ɗan man zafi ne, saboda gwiwar hannu. Sai turare kaɗan. Zan shigo cikin mutane ina warin zufa ne?"

Dogo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Warin zufar suke so, Umma. Jibi ki zo ba sabulu mai ƙanshi, ba mai, ba turare."

"Wato har zaɓe suke yi. A gidana kuwa ko ka yi wanka da kananzir sai sun cije ka."

Kwana biyun nan Auta ba ta ci abin kirki ba. Takardun tafiya sun fito, akwati na buɗe a tsakar ɗaki, ta sa kaya ta kwashe, ta sake sawa.

Jibin Umma ta zo ba ƙanshi, fuska a murtuke. Ta zura hannu. Wannan karon ba su ɓata lokaci ba. Ɗaya ta sauka, ta biyu ta biyo, kafin a ce me sun rufe hannun kamar an yayyafa baƙin gari. Auta ta matso kusa da kejin. Umma na kallo, leɓenta na motsi. Ta ga cikin ta farko ya fara ja, yana kumbura da jininta.

Ba ita ta yi niyya ba, wannan kowa ya shaida. Hannun hagu ne ya tashi da kansa, kamar yadda ya saba tashi shekara da shekaru, ya sauka a kan ragar, tas. Ragar ta lotsa har kan fata. Umma ta firgita ta fizge na daman, ƙofar yadin ta buɗe, waɗanda suka tsira suka watsu cikin ɗaki.

"Rufe ƙofa, Dogo."

Dogo ya ɗauko bututun da suke zuƙo sauro da shi, yana bin bango yana tsalle, mutum har rufi amma sauro na yi masa wasa. Auta ta durƙusa gaban kejin. Gawarwaki ne manne a raga, da ɗigon jini. Abin da aka kamo daga baya bai taka kara ya karya ba. Keji ɗaya ya tafi, saura ɗaya.

Auta ta fara tsince gawarwakin ɗaya bayan ɗaya. Umma ta tsaya tana duban tafin hannunta na hagu kamar na wani ne aka ba ta aro.

"Auta."

"Ba komai, Umma. Bari a kai ki gida."

"Na san hanya."

Ta gyara mayafi ta fita, har ta manta da jakar saƙarta a kan benci.

Yinin ranar Auta a titi ta yi shi. Ta wuce tashar mota ba ta hau ba, ta wuce shagon tela ba ta shiga ba. Ta rubuta wa masu lambar cewa tana godiya amma ba za ta samu zuwa ba, ta karanta, ta goge. Ta sake rubutawa, ta bar shi a wayar ba ta tura ba. Ta tsaya gaban wani shago tana kallon bokitai kamar mai shirin saye, har mai shagon ya gaji ya koma ciki. Ta ce a ranta, gobe in ta ciyar da kejin da ya rage da hannunta, za ta tura saƙon a huta.

Da safe ta iso ma'aikata, sai ga Umma zaune a bencin baranda, Dogo na gefenta yana riƙe mata zare tana naɗewa.

"Umma, jakar kika zo ɗauka? Da na kawo miki."

"Jaka tana da ƙafa ne da za ta gudu? Buɗe mana ɗaki."

"Keji ɗaya ya rage. In aka sake…"

"Na sani. Ni na kashe, ai na fi ki sanin lissafi." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Jiya na zauna na yi wa hannun nan faɗa, ya nuna min ba ya jin magana. To abin da ba ya jin magana, ɗaure shi ake yi."

A cikin ɗakin ta jawo kujerar ƙarfe ta zauna. Ta zaro wani tsohon ɗankwali daga jaka ta miƙa wa Dogo, ta sauke hannun hagu a jikin ƙafar kujera.

"Ɗaure min shi, ɗan nan. Ɗaurin akuya ranar kasuwa, ba ɗaurin kunya ba."

Dogo ya dubi Auta. Auta na tsaye, yatsunta na murza gefen rigarta. Keji ɗaya. Tana iya cewa a'a, ta zura nata hannun, ta tura saƙon, komai ya zauna yadda yake. Ta dubi wuyan hannun uwarta, siriri, jijiyoyi sun fito. Ta gyaɗa kai.

Dogo ya ɗaure. Umma ta ja, ta ce ya ƙara. Ya ƙara.

"Mama, in 'yan sanda suka shigo yanzu me zan ce musu?"

"Ka ce uwarka ce ta sa ka. Ɗayan kuma, in kun ga zan fizge, ku danne min kafaɗa."

Auta ta kwance ƙofar yadin, ta zura hannun daman Umma, ta ɗaure bakin a damtse. Suka sauko. Hannun hagu ya zabura, kujera ta yi ƙara, ɗankwali ya riƙe. Ya sake zabura. Zufa ta tsattsafo a goshin Umma. Sai ta buɗe baki, tunda hannu ya rasa hanya.

"Ku sha, marasa kunya. Ku sha ku ƙoshi, ku hayayyafa. 'Yata za ta je ta koyo muku abin da ya fi mari. Ke mai ƙaton cikin nan, na gan ki, ba ki bar wa 'yan'uwanki wuri ba, halinku ɗaya da dangin mijina."

Dogo ya toshe baki. Auta ba ta yi dariya ba, idonta na kan ragar, tana bin cikkunan da ke yin ja ɗaya bayan ɗaya. Can muryar Umma ta sauka, ta ce, ba da kowa take ba, "Da yarona ya rayu, da yanzu yana da 'ya'ya." Auta ta sa tafin hannunta a kafaɗar uwar, ba don dannewa ba, ta bar shi a nan har sauron suka ƙoshi suka koma bango, sun yi nauyi, da ƙyar suke tashi.

Da aka kwance ta, ɗankwalin ya bar shaida a wuyan hannu. Umma ta dubi na daman da ya yi ruɗu-ruɗu.

"Sosawa fa? Ko ita ma sai an nemi izini?"

"Ki sa ruwan sanyi, Umma. Kada ki sosa."

"Komai na wurin nan kada ne."

Amma shan jini ba shi ne ƙarshen magana ba, sai an ga ƙwai. Wani jinin sukan sha su ƙi yi. Auta ta sa musu 'yar tasa mai jiƙaƙƙiyar farar takarda a cikin kejin, ta koma jira, jiran kuma ya ci har ranar tafiya. Saƙon fasawa na nan a wayarta. Takan leƙa kejin, ta fita, ta dawo kamar ta yi mantuwa. Dogo ya ce in ta ƙara ɗaga tawul ɗin nan zai kai ƙararta wurin Mama a ɗaure ta ita ma.

Ranar tafiya, da akwati a bayan tasi, ta ce direba ya biya ta ma'aikata. Umma na gefenta riƙe da jakar saƙa, ɗankwalin na leƙowa daga ciki. Suka shiga tare, suka rufe ƙofar farko, suka buɗe ta biyu. Auta ta zaro tasar a hankali ta kai gaban fitila.

Farar takardar ta yi baƙi-baƙi, kamar an barbaɗa toka.

"Datti ne wannan?" in ji Umma.

"Ƙwai ne."

"Duka?"

"Duka, Umma."

Umma ta karɓi gilashin da ke ƙara girman abu, ta kanne ido ɗaya ta duba. Ta daɗe. Ta ce, "Kamar 'yan jiragen ruwa. Ashe mugunta ma da kyanta take farawa."

Auta ta zaro waya ta goge saƙon. Sai kuma ta fara: tawul kada ya bushe, in wuta ta ɗauke a buɗe wancan, audugar sukari a cire ta tun kafin ranar ciyarwa, kada a shafa mai, kada…

"Dakta," in ji Dogo, "tare muka yi shekarun nan fa."

Direba ya danna hon a waje. Auta ta kai ƙofa ta dawo ta gyara tawul ɗin da ba abin da ya same shi. Umma ta kama ta da hannun nan mai tabo, ta juya ta, ta tura ta waje.

"Tafi ki karɓo abinki. Ki tsaya sosai a gabansu, kada ki yi ta rawar ƙafa kamar mai jin fitsari. In sun tambaye ki wa ke riƙe da gidan, ki ce kakarsu."

Motar ta tashi, Auta na waige har suka sha kwana. Umma ta koma bencin baranda ta zauna, ta zaro saƙarta. Wani sauro na waje, ɗan gari, ya zo yana kuka a kunnenta. Ta bi shi da ido, ta kira cikin ɗaki.

"Dogo, wannan naku ne?"

Ya leƙo ya duba. "A'a, Mama, ba mu san shi ba."

Tas.